Hagun Safiyo

Ranar da aka sallamo Safiyo daga asibiti, ko takalmi bai cire ba ya ce a jona masa kwamfutarsa. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyarwa a firamare, ta ce ya bari ya huta tukuna. Ya ce hutun da ya yi a gadon asibiti ya ishe shi har ƙarshen rayuwa.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kayar da shi a banɗaki wata safiya. Ƙafar hagu ta dawo, ko da yake sai da sanda. Hannun ya yi nauyi, amma yana ɗagawa. Abin da bai dawo ba shi ne gefen hagu ɗungurungum. Idanunsa lafiya lau, likita ya gwada ya sake gwadawa, sai dai duk abin da ke hagunsa kamar an share shi daga duniya. In an kawo masa abinci, sai ya cinye rabin farantin na dama tas, ya ce yau an yi masa rowa. In ya yi gyaran fuska, kuncin dama ya fito sumul, na hagu da furfurarsa. Kafaɗarsa kuwa ta gaisa da kowace ƙofa a gidan. Likitan ya ce ba matsalar ido ba ce, ƙwaƙwalwa ce ta daina leƙa wancan gefen, kuma sai an sake koya mata. Safiyo ya ce shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna filaye yana kafa iyaka, ba yaron jiya ne zai nuna masa inda duniya ta tsaya ba.

Abin da ke ransa a kwamfutar wasan yaƙi ne da suka daɗe suna bugawa da ƙanensa. Ƙanen nan shi ne ɗan ƙarshe a ɗakinsu, don haka har yau da ya tara furfura da jikoki Auta ake ce masa. Shagon gyaran firji da fanka gare shi a bakin babban titi. Wasan nasu ba na sauri ba ne, bi da bi ake yi. Taswira ce a kan allon kwamfuta, an yanka ta gida-gida, kowane gida da kusurwa shida, ga kogi, ga tudu, ga kurmi. Kowa da tankokinsa da sojan ƙasa da igwa. Kai ka matsar da naka, ka harba abin da za ka harba, ka tura wa abokin karawarka, shi ma in ya sami sarari ya yi nasa ya maido maka. Yaƙi ɗaya kan ci musu mako biyu ko fiye.

Duk daɗin wasan yana cikin dokar gefe. Kowace runduna tana da 'yar kibiya da ke nuna inda ta sa gaba. In ka harbi tanki ta gaba, sulkensa mai kauri ne, kuma zai rama nan take. In ka same shi ta gefe, ɓarnar ta kusan ninkawa, ramuwarsa kuma ba ƙarfi. Ta baya kuwa ko ramawa ba ya yi. Juyawa ma ba kyauta ba ce, tana cin rabin tafiyar da runduna za ta yi a wannan zagayen. Safiyo mutum ne mai son jera sahu ya tunkari abokin gaba ido da ido. Auta kuwa bai taɓa shigo wa mutum ta ƙofa ba in akwai taga. Zai yi ta bin bayan tudu shiru, sai ka sakankance ya ɓullo maka ta haƙarƙari. Tsawon shekaru, wannan ya ci wancan ya rama, babu wanda ya isa ya yi wa wani gori har ya daɗe.

To, bayan dawowarsa daga asibiti, sai Safiyo ya shiga cin Auta. Ya ci na farko, ya ci na biyu, ya ci na uku. Ranar komawa asibiti ya zauna gaban likita yana bubbuga sanda a ƙasa.

"Ka ce ba na ganin hagu," ya ce. "Tambayi Malama sau nawa na lallasa ƙanena tun da na koma gida."

Likitan ya dubi Malama. Ita kuwa ta duƙufa neman wani abu a cikin jakarta.

Asirin ya tonu ne ta hanyar shara. Wata safiya Malama ta ja teburin kwamfutar don ta share bayansa, ta manta ba ta mayar da shi daidai ba. Da Safiyo ya zauna a kujerarsa, sai allon ya faɗo masa can wajen hannun dama. Bai ma lura an taɓa teburin ba. Ya ce bari ya sake kallon yaƙin da ya ci na ƙarshe, don wasan yana maimaita wa mutum komai in an gama, har da motsin abokin gaba da ba a gani lokacin da ake fafatawa.

Sai ya ga wani yanki na taswirar da bai taɓa sanin akwai shi ba. Akwai gona mai faɗi, akwai tudu, akwai kuma tankoki huɗu masu launin rundunarsa, suna tsaye inda aka ajiye su tun zagayen farko. Ko sau ɗaya bai taɓa su ba. Gefensu a buɗe, kamar gidan da ba katanga. Yana kallo tankokin Auta suka zagayo ta bayan tudun, a jere, yadda ya saba. Suka zo har gida biyu tsakaninsu da nasa. Suka tsaya. Zagaye ya wuce suna tsaye. Daga nan suka juya, suka koma ta inda suka fito, suka yi doguwar tafiya suka zo suka miƙa ƙirjinsu ga bakin igwarsa.

Ya buɗe yaƙin da ya gabaci wannan. Haka aka yi. Na farkon ma haka.

Ya daɗe zaune, hannunsa a kan linzamin kwamfutar. Abu biyu suka haɗu masa, bai san wanda ya fi ɗaci ba: gaskiyar likita, ko tausayin Auta.

"Malama," ya kira.

Ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Kin sani?"

Ta dubi allon, ta dube shi. Ba ta tambayi me ba. "Na sani."

"Ɗauko mini hulata."

"Ina za ka da wannan ranar?"

"Gaisuwa zan je in yi wa mai jinyata."

Ta so ta kira tasi, ya ce da ƙafarsa zai je. Tafiyar ba ta da nisa ga mai lafiya, amma shi sai da ya jiƙe da gumi. Ya ture kwandon lemon wani mai tebur, ya goga kafaɗa da turken lantarki, wani mai keke ya kauce masa yana ƙunƙuni. Malama ta koma hagunsa ta jera da shi. Ya san tana nan ne kawai saboda yana jin ƙarar takalminta.

Sun tarar da Auta ya tura rabin jikinsa a bayan wani tsohon firji, shagon cike da fankoki marasa kai da warin waya da ta ƙone. Da ya ga yayansa sai ya miƙe da sauri yana goge hannu a jikin riga.

"Yaya, kai ne da kanka? Anti, ya kika bar shi ya tako? Ga kujera."

"Ba zama na zo yi ba," in ji Safiyo. "Tankokinka sun zo bayan tudu sun ga nawa. Me ya mayar da su?"

Auta ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Tsoro na ji. Na zaci tarko ne."

"Sau uku?"

Auta ya saci kallon Malama.

"Ni za ka kalla," Safiyo ya ce. "Ni na goya ka. Tun kana zubar da majina na san fuskarka in kana ƙarya. Na je gaban likita na yi ta cika baki, ashe sadaka ake ba ni. Na mutu ne, Auta? In na mutu ka faɗa mini, in koma gida in kwanta."

"Likita ne ya ce kada a ɓata maka rai."

"To ga shi an ɓata."

Auta ya ajiye sukudireban da ke hannunsa a kan firjin. Muryarsa ta sauka. "Yaya, ni na ɓalle ƙofar banɗakin nan. Ni na ɗauko ka daga ƙasa, bakinka a karkace, kana kallona ba ka san ni ba. Kai ba ka ga wannan ba, ni na gani. Yanzu kana so in zauna in lallaɓo ta inda na san ba ka gani in buge ka? In ci, in ce na yi me?"

Wannan ta shige shi, don bai taɓa tambayar wanda ya ɗauko shi ba. Amma bai bari ta nuna a fuskarsa ba. Ya gyara riƙon sandarsa.

"Na gode da ɗauka. Yanzu sauke ni. Wasan nan kaɗai ya rage inda ba a riƙe mini hannu. A gida an kwashe tebura daga hanya, an ɓoye makullin mota, kowa na yi mini magana a hankali kamar jariri. In kai ma lallaɓa ni za ka yi, kada ka ƙara turo mini wasa. In kuwa za ka buga, ka bugo ta inda dokar ta ba ka."

Auta ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago. "Ba za ka ji daɗi ba fa."

"Wa ya ce maka daɗi na zo nema?"

"Shi ke nan. Ka shirya."

Bai kuwa ji daɗin ba. Yaƙin da ya biyo baya ko mako bai yi ba. Safiyo na can yana jera sahunsa a dama, sai kawai ya ga saƙo a allo cewa an tarwatsa runduna kaza, an kama igwa kaza, abubuwan da bai ma san yana da su ba. Kafin ya gane daga ina wutar ke fitowa, tankokin Auta sun biyo layinsa daga gefe suna nannaɗe shi kamar tabarma. Na biyu ya fi na farkon muni. A na uku ya daki tebur har kofin shayi ya faɗi ya fashe.

Malama ta shigo ta tsaya a kan fasassun. "Zan zare wayar nan in kai wa maƙwabta ajiya. Ban yi jinyarka don wasan yara ya mayar mini da kai asibiti ba."

Ya jawo na'urar awon jini, ya ɗaura a hannu da kansa da kyar, ya jira ta gama kukanta, ya juya mata lambar.

"Ya hau?"

"Bai hau sosai ba," ta ce, ba da son ranta ba.

"To zauna ki karanta mini dokokin wasan nan. Ni in na karanta, rabin layi nake samu."

Wannan ne karo na farko da ya faɗi lalurarsa da bakinsa. Malama ta ji, ta kuma yi kamar ba ta ji ba. Ta jawo kujera, ta sa tabarau, ta shiga karantawa da muryar aji, tana tsayawa tana yi masa tambaya kamar ɗalibi. Ya daɗe da sanin dokokin, amma sanin mai ido biyu ya yi musu, bai taɓa buƙatar ƙananan ba.

"Tsaya," ta ce. "Nan an ce rundunar da gefenta ya jingina da kogi ko dutse, ba a iya shigo mata ta wannan gefen. Haka ne?"

"Haka ne."

"To me ya hana ka jingina hagunka da kogin, ka huta?"

Ya juyo ya dube ta sosai. "Shekara nawa kina zagin wasan nan?"

"Har yanzu ina zaginsa. Amsa mini tambayata."

A yaƙi na gaba ya manna hagunsa da kogi, runduna na dafe da runduna har bakin ruwa. Auta ya yi ta shawagi ya rasa ƙofa, dole ya zo ta gaba, aka yi kare jini biri jini, aka tashi babu wanda ya ci. Da yamma Safiyo ya ci abincinsa, ya juya farantin da kansa ya cinye sauran.

Zaɓen taswira ta gaba na Auta ne. Da ta buɗe, sai ga fili fetal, ba kogi ba dutse, sai 'yan kurmi nan da can. A ƙasa Auta ya rubuto: "Kai ka ce."

Malama ta ce wannan mugunta ce. Safiyo kuwa ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin ciwon. "Yanzu ƙanena ya dawo," ya ce.

Ta ba shi shawara a bar teburin can dama yadda ya gani ranar shara. Ya ƙi. Ya ce titi ba za a matsar masa da shi dama ba, haka ma ƙofofin mutane. A mayar da tebur tsakiya. Abin da ya yi shi ne abin da ya saba yi a daji lokacin aiki: ba a fara awo sai an sami turke. Kafin ya taɓa kowace runduna, sai ya miƙa hannun dama ya tsallaka da shi, ya lalubi bakin allon na hagu ya kama, sannan ya juya kansa a hankali har sai ya ga yatsunsa. Daga nan yake fara duba taswirar, gida bayan gida. Abin da wuya fiye da yadda ake zato. Wuyansa ya yi ta ciwo, wani lokacin kansa ya tsaya a rabin hanya ya rantse masa cewa nan ne ƙarshe, sai ya ce masa ƙarya kake, ban ga yatsu ba. Zagayen da da yake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu yakan ci masa safiya guda. Duk da haka Auta ya ci shi a filin, ya sake cin sa. Amma a na biyun sai da ya yi asarar rabin tankokinsa.

Cikin wannan duban na gida-gida ne ya lura da abin da bai taɓa kulawa da shi ba. Duk lokacin da Auta ya zo bugun gefe, dole tankokinsa su juya su fuskanci abin da za su buga. In sun juya, sun ƙone rabin tafiyarsu, ba su da sauran komawa, kuma nasu gefen ya buɗe ga duk wanda ke bayan layin. Da can babu kowa a bayan layin, don Safiyo komai nasa gaba yake turawa.

A yaƙi na gaba ya bar tankoki uku a can hagu, tsaye cak tun zagayen farko, gefensu a buɗe. Ya tura sahunsa dama da hayaniya yadda ya saba. Igwa biyu da sojan ƙasa kuwa ya lallaɓa da su cikin wani kurmi da ke bayan tankokin, ya juya bakinsu waje, ya bar su. Kullum in wasa ya dawo hannunsa sai ya kama bakin allo, ya juya kai, ya duba. Ba kowa. Har ya fara tunanin ko Auta ya koma halinsa na tausayi.

Wata rana da hantsi ya juya kai, sai ga su. Sun ɓullo su biyar, sun juya, sun ragargaza masa tanki ɗaya, sun tsaya a jere da haƙarƙarinsu a bakin kurmin. Safiyo ya kira Malama ta zo ta tsaya a bayansa. Bai yi gaggawa ba. Ya harba igwar farko, ya harba ta biyu, ya fito da sojan ƙasa ta bayansu, sannan ya juyo da tankokin da suka rage. Huɗu suka ƙone a wurin, na biyar ya gudu. Ya danna turawa, ya jingina da kujera.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Malama ta sa ta a amsa-kuwwa ta ajiye a tebur. Ana jin ƙugin injin firji a bayan muryar Auta.

"Yaya, tsakaninka da Allah. Tankokin nan ajiye su ka yi, ko mantawa ka yi aka yi sa'a?"

"Kai me ka gani?"

"Na ga an cuce ni. Mutum ya fake da ciwo ya yi wa ƙanensa kwanton ɓauna."

"Akwai dokar da ta hana?"

"Babu. Amma faɗa mini, akwai wata igwa can ƙarshen taswira, ita ma tun farko ba ta motsa ba. Ita fa?"

Safiyo ya ce, "Je ka taɓa ta ka gani."

"Allah ya kiyaye," in ji Auta, ya kashe wayar yana dariya.

Safiyo ya miƙa hannu ya kama bakin allon, ya juya kai har ƙarshe. Ga ta nan kuwa, igwa guda a kusurwa, ita kaɗai, ba kowa kusa da ita.

"Wannan ma tarkon ce?" Malama ta tambaya.

"Wannan yanzu na fara ganin ta."

Ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza.

"In kika faɗa masa," ya ce, "ni da ke ne."

Yaƙin bai ƙare ranar ba. Auta ya yi ta kewaye igwar nan daga nesa, ya ɓata zagaye da yawa yana leƙen kurmin da babu kowa a ciki, kafin ya farga Safiyo ya shige garin da ake faɗa a kansa. Da ƙyar ya ci, da tankoki biyu da suka rage masa, amma ya ci.

Hagun bai dawo duka ba. Mota dai bai ƙara tuƙawa ba, kuma da ya gaji ko ransa ya ɓaci, gefen kan sake ɓacewa kamar an ja labule. A wasan ma Auta ya fi shi ci, kusan biyu cikin uku. Da suka koma asibiti, likitan ya miƙa masa takarda mai ɗauke da 'yan layuka barkatai ya ce ya soke kowanne da biro. Ya soke na dama, ya kama bakin takardar, ya juya kai ya bi na hagu, ya bar kaɗan. Likitan ya ce an sami ci gaba sosai, ya tambaya ko yana yin atisayen da aka ba shi.

"Ba na yi," in ji Safiyo.

"Ya kamata ka riƙa yi, Baba."

"To a ba ni wanda ake ci ko a cinye mutum. Wannan na soke layi ko na gama ba wanda ke jin haushi."

Likitan ya rubuta abin da zai rubuta, ya ba su ranar dawowa. A bakin ƙofar asibitin Malama ta tsayar da tasi, Safiyo ya ce wa direban ya biya da su ta babban titi, akwai fankar ɗakinsa da ke ƙara, yana so ƙanensa ya zo ya duba ta kafin zafi ya shigo.